Ruwan Wankan Rashida

Damin ganyen dogon yaro ya fito daga cikin ganga yana tururi, ya sauka a kafaɗar Rashida ta dama, ba ta ji komai ba.

Ta ga ruwan yana gangarowa. Ta ji ɗacin ganyen a hanci, ta ji ƙarar saukarsa a kan fata. Zafin ne kawai bai iso ba. Da ganyen ya koma kafaɗar hagu sai ta zabura ta cije leɓe kamar kullum, shi ya sa Inna Tsahara ba ta lura da komai ba. Ta ci gaba da aikinta: ta tsoma, ta girgiza, ta fyaɗa, sannan ta ajiye ganyen ta bi wurin da tafin hannu tana dannawa, tun daga wuya har ƙugu.

"Ke, gyara zama."

Rashida tana zaune ne a kan turmin da aka kife a makewayi, bayan ɗakin mahaifiyarta a Dogarawa, mako na uku da haihuwa. Ta yi niyyar gyarawa. Ƙafar hagu ta amsa. Ta dama ta tsaya inda take a cikin taɓo, kamar ƙafar wata ce aka manta a wurin.

"Inna, ƙafata ta yi nauyi."

"Barci ta yi. Kin daɗe zaune."

Da aka gama ta yunƙura ta tashi, sai ta tafi gefe guda, ita da zanen da ta jawo. Inna Tsahara ta taro ta kafin ta kai ƙasa. Tsohuwar ba ta da jiki, amma hannun mai daka ne da ita. Ta rataya hannun 'yarta a wuyanta ta ja ta zuwa ɗaki, ƙafar dama tana bin su a baya tana zana layi a rairayi. 

Ciwon ba baƙo ba ne. Tun Rashida tana sabuwar malama a lakwal, makarantar boko ta Malbaza, idonta ɗaya ya dushe ana tsakiyar darasi, rubutun allo ya narke. An yi tofi, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Daga baya aka kai ta Yamai, aka tura ta cikin injin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, lokotoro, wato likita, ya ba abin suna da Faransanci, sclérose en plaques. Ya ce jijiyoyin mutum kamar wayar lantarki suke, kowace da rigarta, ita kuma jikinta ne da kansa yake cin rigar nata. Yakan ci, ya huta, ya dawo. Ya ɗora ta a kan allura, sau ɗaya a mako, wadda ba ta son zafi, sai a firij. Idon ya dawo. Shekaru suka wuce shiru. Ta yi aure, ta yi ciki, ta sauka lafiya, ba ta yi wasa da allurarta ba. A gida kowa ya ɗauka ta warke. Ita ma, da duk karatunta, haka ta ɗauka, sai dai ba ta furta ba.

A ɗaki Gwaggo Saratu tana zaune a tabarma da ƙafafu a miƙe, jaririn a cinyarta. Yayar mahaifin Rashida ce, kuma ita ta raine ta a Malbaza tun daga yaye. Da gwiwoyinta suna da ƙwari ita ce za ta yi wankan nan, don wankan 'yar fari ba aikin uwa ba ne. Amma gwiwoyin sun ƙi, sai ta koma mai ba da umarni daga zaune.

"Mi ya same ta?"

"Ƙahwa," in ji Inna Tsahara, ta zaunar da ita a bakin gado ta fita.

"Sanyi ne. Na hwaɗa muku ruwan nan bai kai ba. Mu a zamaninmu sai hwata ta saɓule. Ungo maigidan Innarki, tun ɗazu yake zagina."

Ta miƙo yaron. Rashida ta miƙa hannu biyu. Na hagu ya shiga ƙarƙashin kansa. Na dama ya je har wurin, ya taɓa zanen goyo, yatsun suka ƙi rufewa. Tana kallonsu suna nan a buɗe, tana ce musu su kama, yaron yana zamewa a kansu sannu a hankali. Gwaggo Saratu ta cafe shi.

Suka dubi juna. Wannan karon Gwaggo ba ta ce sanyi ba ne. Ta ja jiki ta matso, ta ɗora yaron a ƙirjin Rashida da kanta, ta riƙe shi a wurin har ya kama nono.

Sunansa Halilu, sunan marigayi mahaifin Rashida, saboda haka ba mai kiransa da shi a gidan. Rashida kaɗai takan faɗe shi a kunnensa in ba kowa. Tun tana da ciki ta yi wa kanta alkawari: ita ba za ta yi kunyar ɗan fari ba. Za ta ɗauke shi a gaban kowa, ta kira sunansa, ta sumbace shi a tsakar gida, a ce Madam ta lakwal ba ta da ta-ido, a ce. Ta san abin daga ɗaya gefen. Ita 'yar fari ce, kuma ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna Tsahara ba. "Ke" ce, ko "waccan", ko "ɗiyar Saratu". In ta zo hutu tana yarinya ƙannenta su hau cinyar Inna, ita a miƙo mata tuwo ana kallon wani wuri. Ana kiran wannan kunya, ana yabon uwar da ta iya ta. Ɗan da ake yi wa kunyar dai ba a taɓa tambayarsa ba.

Da hantsi 'yan barka suka shigo, mata uku daga unguwar kasuwa, da sabulu da atamfa. Yaron ya farka yana kuka a gefen gado. Rashida tana jingine da bango, hannun dama a ɓoye cikin mayafi, ba ta motsa ba. Gwaggo ce ta jawo shi tana jijjigawa.

"Kun gani ko?" in ji babbarsu. "Aka ce 'yan lakwal ba su da kunya. Dubi ɗiyar nan, ko kallo nai ba ta yi."

"Gado ta yi. Tsahara ma haka ta yi mata."

"Allah shi yi miki albarka, Madam. Kin hidda mu kunya."

Rashida ta ce amin. Me za ta ce?

Da suka fita ta laluba salularta da hagu, ta aika wa lokotoron Yamai saƙon murya. Ba ta sa rai ba, don mutum ne guda a kan marasa lafiya na rabin ƙasa. Amma gab da azahar sai ga kiransa, ana jin hayaniyar asibiti a bayansa. Ya yi tambayoyinsa da sauri, rabi Faransanci rabi Hausar Yamai. Yaushe ya fara? Da zazzaɓi? Fitsari yana zafi? Ido fa? Ta yi fashin allura?

"Ko sau ɗaya ban yi fashi ba, dokta."

"To. Kin shiga zafi? Rana, murhu, ruwan zafi?"

Ta ƙofa tana hango gangar wanka a kan duwatsun murhu, baƙa ƙirin, da tulin itacen da mijinta ya sayo.

"Madam Rashida. Wankan jego kike yi."

Ba tambaya ba ce. Ta ce, "Ina yi."

Ya ja numfashi. Ta jira faɗa, bai yi ba, wataƙila ba shi da lokacinsa. Ya ce ta saurara da kyau. Abu biyu ne. Zafi yakan tayar da tsohon tabo, jijiya ta daina aiki na ɗan lokaci, in jiki ya huce ta dawo. In wannan ne, ta bar ruwan zafi, ta sanyaya jikinta, zuwa gobe da safe za ta ga hannun ya fara sakinta. In kuwa gari ya waye yana nan yadda yake, ko ya ƙaru, to ba ruwan wanka ba ne. Ciwon ne ya sake tashi, sabon wuri ya ci. Sai ta taho Yamai a ɗaura mata ƙarin ruwa na 'yan kwanaki, a sake hoto, a duba ko za a canza magani.

"Amma ina yin allurar."

"Allura tana ragewa, Madam, ba ta hanawa. Kuma watannin bayan haihuwa su ne lokacin da ya fi son dawowa. Na gaya miki."

Ya gaya mata, gaskiya ne. Ya faɗa a ƙarshen magana, yana rubutu, da muryar da ake faɗin abin da ba a so a ji. Ita kuma ta ɗauki abin da take so ta bar masa sauran.

"Hannun zai dawo?"

"Sau da yawa yana dawowa."

"Duka?"

"Ki kira ni da safe," in ji shi, aka kira shi daga wani wuri, ya kashe.

Ranar allura ce. Firij ɗin yana Ƙonni, a gidan aurenta, don haka duk mako mijinta Muttaƙa yake ɗauro kula a bayan babur, da ƙanƙara a ciki, ya kawo mata. Bayan la'asar ya iso, ya yi sallama daga zaure kamar yadda ya saba, yana jiran ta fito. Gwaggo Saratu ta ɗaga murya ta ce ya shigo ciki, yau ba ranar tsayawa a zaure ba ce. Inna Tsahara da ta ji takun suruki ta ja mayafi ta zaga bayan ɗakin, inda take tsince wake. Tsakaninta da su bango ne na laka da taga mara murfi.

Muttaƙa dogo ne mai sanyin magana, ma'aikacin gidan gona, mutumin da yake karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya leƙa fuskar ɗansa, sannan ya ga hannun. Ya ɗaga shi, ya saki, ya faɗi a kan katifa.

"Tun yaushe?"

"Da safe. Wurin wanka."

"Wane wanka?" Ya juya ya dubi ganga ta ƙofa, ya dubi tulin itacen da ya ragu fiye da rabi. "Rashida, kin ce mini ruwa mai ɗumi ne. Kin ce itacen na kunu ne da idon mutane."

"Yi a hankali."

"A gabana lokotoro ya ce ban da ruwan zafi. Ya ce ko rana kada ki daɗe a ciki. Kika ce ke za ki gaya wa Inna da bakinki, kada in sa baki a maganar mata. Ba ki gaya mata ba?"

"Muttaƙa, yi a hankali, don Allah."

A bayan taga ƙarar waken da ke zuba a faifai ta tsaya.

Gwaggo Saratu ta gyara zama, ta samu abin yi. "Wane lokotoro? Namiji? Shi ya taɓa haihuwa? Mace ta haihu jikinta ɗanye, a bar ta ba wuta, sanyi shi shige ta ta kumbura kamar salka. Ni na ga wadda ta ƙi wanka a Tajaye, ba ta kai arba'in ba."

"Gwaggo, ciwonta daban ne."

"Kowa ciwo nai daban ne, ɗana. Wanka dai guda ne."

"Matan Yamai ba su yi, suna nan da ransu."

"Ka gan su da rai. Ka tambaye su bayansu?"

Haka suka yi ta yi, shi da ladabi ita da ƙarfi, kowa da gawar da yake kafa hujja da ita. Ba wanda ya tambayi mai hannun. Rashida tana kallon taga. Ta ga inuwar mahaifiyarta ta wuce, ta nufi murhu inda aka riga aka haɗa wutar wankan yamma. Inna Tsahara ta sunkuya ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya, ta turmuza kowanne a rairayi har ya mutu. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗakin girki.

Sai Gwaggo ta ce a miƙo mata sandarta, za ta je ta yi alwala, alhali da alwalarta.

Muttaƙa ya buɗe kula ya fiddo allurar. Rashida ce take yi wa kanta a cinya tun farko, ba ta taɓa yarda wani ya yi mata ba. Yau ta nuna masa wurin da hagu, ta kau da kai. Ya zaɓi cinyar dama, ya ce ko ba komai ba za ta ji zafi ba, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai ya yi mata allurar.

Ya juye sauran ƙanƙarar a tawul ya ɗora mata a wuya da kafaɗa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon.

"Don me? Ke da kika fi ni sanin ciwon nan."

"Ranar farko na yi niyyar faɗa. Na shiga makewayi da maganar a bakina."

"Sai me?"

"Sai ta ajiye ganyen ta sa hannu a bayana." Ta tsaya. "Ka taɓa ganin hannun Inna a jikina?"

Ya yi tunani da gaske, don shi mutum ne mai son ba da amsa daidai. "Ban lura ba."

"Ni na lura. Safe da yamma, Muttaƙa. Tana danna mini baya tana cewa in gyara zama. Na ce gobe zan faɗa. Kullum in na fito nakan ji jiri, ƙafa ta yi sanyi, in kwanta kaɗan ya wuce. Na ce to, wannan zan iya biya."

Shi ɗa na biyar ne a gidansu, a bayan uwarsa ya girma har ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ya ce, "Amma ai uwarki ce. Tana sonki, kowa ya sani."

"Kowa ya sani," in ji ta.

Ya ce zai kwana a gidan abokinsa a bakin tasha, ya nemi mota tun yau, ko da za a bukata. Ta ce ba za a bukata ba, zafi ne kawai, zuwa safe zai sake ta. Ya ce in sha Allahu. Ya tafi neman motar.

Magariba ta yi ba a yi wanka ba, karo na farko tun ranar haihuwa. Gidan ya yi wani iri, kamar an fasa biki. Tuwo ya zo ta hannun Gwaggo, kunun kanwa ma haka. Inna Tsahara ba ta leƙo ba. Yaron ya yi kuka, kakarsa da takan zo da gudu tana "maigidana, wa ya taɓa mini kai", ta tsaya daga tsakar gida ta ce wa Gwaggo a duba ko ya jiƙe.

Abin da Rashida ta guda ke nan, ga shi ya zo, kuma ya haɗo da mutuwar hannun a kai.

Ta jiƙa zane da ruwan randa ta lulluɓa. Bazara ce, bangon ɗakin yana mayar da zafin da ya sha tun safe. Tana taɓa babban yatsa da manuni, ko dai tana ba su umarni su taɓu, tana jira. Ta tsinci kanta tana wata addu'a da ba ta taɓa zaton za ta yi ba: Allah ya sa laifin Inna ne. Allah ya sa ruwan ne. In ruwan ne, akwai wanda ya yi kuskure, kuskure kuwa ana daina shi. In ba ruwan ba ne, to ba abin da za a daina. Ta yi duk abin da aka ce, mako bayan mako, shekara da shekaru, abin ya zo ya wuce ta gaban allurar kamar bai gan ta ba.

Gari ya waye. Kafin ta buɗe ido ta aika wa yatsun saƙo. Ba amsa. Ta gwada ƙafar. Jiya tana jan ta, yau ko jan ba ta yi. Mutuwar fatar da ta tsaya a kafaɗa ta gangaro har haƙarƙari, kamar an ɗaura mata ɗamara an matse.

Ta kira Yamai. Maganar ba ta yi tsawo ba. Ta kira Muttaƙa, ya ce direban yana shan shayi, in ya gama za su taho. Bai ce na gaya miki ba. Shi ma ya so a ce ruwan ne.

Gwaggo Saratu tana haɗa kayan yaro a leda tana gunaguni. Mai jego a kan titi ba a yi arba'in ba, iska ta buge ta tun daga nan har Dosso, ita ba ta taɓa gani ba. Amma tana yi tana ninke zannuwa, har da hular sanyi ta saka, a cikin wannan zafin.

Sai Rashida ta ji ƙaurin hayaƙi. Ta leƙa ta ƙofa. An hura wuta a ƙarƙashin ganga, babba, ta fi ta kullum, hayaƙin yana tashi sama da katanga inda duk unguwa za ta gani.

Inuwa ta rufe ƙofar. Inna Tsahara ce, tsaye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, tana kallon ƙafar gado.

"Ke."

"Na'am, Inna. Ina kwana."

"Lahiya." Sannan ta ce, "Ruwana ne ya yi miki wannan?"

Idanunta sun faɗa. Da gani ita ma ba ta runtsa ba. Gwaggo ta daina ninki.

"Da ruwanki ne da yanzu ya sake ni," in ji Rashida. "Haka lokotoro ya ce. Na kwana ina roƙon Allah ya sa ruwanki ne, Inna. Ba shi ba ne."

"To mi ne?"

"Ciwon ne dai. Ya ga dama ya dawo."

"Allurar hwa? Da ake ɗaukowa tun daga Ƙonni cikin ƙanƙara kamar ɗiyar sarki?"

"Ta yi iyakar yinta."

Inna Tsahara ta taɓe baki. "Ashe ita ma ba ta san komi ba." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Amma ya ce ruwan zahi bai yi miki."

"Ya ce."

"Kuma kin sani tun ranar hwari."

"Na sani."

Rashida ta jira a tambaye ta don me. Ta shirya amsar tun jiya, ta gyara ta, ta rage mata nauyi yadda tsohuwar za ta iya ɗauka. Ba a tambaya ba. Inna Tsahara ta ɗago ta dube ta, ido cikin ido, na ɗan lokaci kaɗan, sannan ta mayar da kallonta ga ƙafar gado.

"Ba ki tahiya Yamai da tsamin nono a jiki. Tashi."

"Inna, ruwan..."

"Na ce tashi."

Ta shigo, ta rataya mataccen hannun a wuyanta, ta ɗago ta. Suka ratsa tsakar gida kamar jiya, ƙafar tana zana layinta. Suka wuce gangar da ke tafasa tana tururi, ba su tsaya ba. A makewayi, kusa da turmin da aka kife, akwai bokiti biyu an rufe da faifai. Inna Tsahara ta ɗaga faifan. Ruwan randa ne, wanda ya kwana a inuwa, da sabon damin ganyen dogon yaro kore shar yana iyo a kai.

Daga bayan katanga maƙwabciya ta ɗaga murya. "Saratu, kun tashi lahiya? Jiya da marece ban ga hayaƙinku ba."

Gwaggo ta riga ta jawo jiki zuwa bakin ƙofa da yaron a cinya. Ta dubi ganga, ta dubi makewayi, ta haɗiye abin da ke bakinta.

"Itace ne ya jiƙe," in ji ta, a watan da rabon ƙasa da ruwan sama tun bara. "Ga shi yau mun rama. Ana ciki ana wanka."

Inna Tsahara ta tsoma ganyen, ta girgiza, ta fyaɗa, kamar yadda aka koya mata, ba ta rage komai ba sai wutar. Sannan ta ajiye shi ta kama hannun dama. Ta fara daga kafaɗa tana murzawa, ta sauko gwiwar hannu, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya tana wanke tsakaninsu, ta koma sama ta sake farawa. Ta daɗe a kansa. Rashida ta san ana taɓa ta ne kawai don tana kallo. In ta rufe ido, babu kowa a wurin.

"Kina ji?"

"Ina gani, Inna."

Tsohuwar ba ta daina ba. Ta ƙara ƙarfi, kamar mai son tayar da wanda barci ya yi wa nauyi.

A waje mota ta tsaya, aka yi oda. Gwaggo ta ce wa wani ya gaya musu su jira, mata suna da aiki.

Rashida ta juya a kan turmin da ƙyar, ta dogara da ƙafa ɗaya, ta miƙa hannun hagu.

"Wannan, Inna. Yi wannan."

Inna Tsahara ta dubi hannun. Ta ajiye na daman a hankali a kan cinyar 'yarta, ta kamfato ruwa da tafinta, ta kama ɗayan. Ruwan da sanyi, tafin da kaushi. Aka sake yin oda. Ba ta yi sauri ba.